An yi wa maigidana dashen hanta: wa za mu gode wa, kuma ina ya kamata kuɗinmu ya je?

Tambaya: Likita, shekara guda ke nan da aka yi wa maigidana dashen hanta. Hantar wani bawan Allah ce da ya rasu, ko sunansa ba mu sani ba. Yanzu ya murmure har ya koma bakin aiki. Mun tara wasu 'yan kuɗi muna so mu nuna godiya. 'Yan'uwansa sun ce a sa a ambulan a kai wa babban likitan da ya yi tiyatar, ni kuma raina ya fi karkata ga iyalan mamacin. Wanne ya fi dacewa? Ko akwai hanyar da ta fi waɗannan biyun?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da arziki. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya ba iyalan mamacin haƙurin rashi. Na daɗe ina duba masu ciwon hanta, kafin dashe da bayansa, kuma irin wannan tambaya taki tana faranta mini rai, domin ba a yin ta sai an tsallake rijiya da baya.

Shawarata ita ce kada ku kai wa likita ambulan, kada kuma ku nemi aika wa iyalan mamacin kuɗi. Dukansu biyu wasiƙa ce ta dace da su. Kuɗin kuwa akwai masu tsananin buƙatarsa, kuma kin san su, don kin zauna benci ɗaya da su a bakin ɗakin kulawa ta musamman kina jiran a fito a ce miki wani abu.

Bari in fara da ambulan, tunda na san 'yan'uwan maigida da zuciya ɗaya suka kawo shawarar.

A duk ƙasar da ake dashe, masu jiran hanta sun fi hantar da ake samu yawa, har wasu kan rasu suna kan layi. Saboda haka dole aka samar da ma'aunin da zai nuna wanda za a fara ba wa. A Amurka tun shekarar 2002 ana amfani da wani lissafi mai suna MELD, wanda ake fitarwa daga gwajin jini, ciki har da yawan sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya, yadda ƙoda ke aiki, da yadda jini ke daskarewa. Makin yana farawa daga 6 zuwa 40. Wanda makinsa ya fi yawa shi ya fi kusa da halaka, shi ake fara kira idan rukunin jini da girman jiki sun dace. Sauran ƙasashe ma suna da irin nasu ma'aunin. To duk wannan tsari amana ce ke riƙe da shi. Iyalan da aka zo wa da maganar ba da hantar ɗansu a daren da ya fi kowane dare ɗaci a rayuwarsu sun amince ne don sun yarda za a ba wanda ya fi buƙata, ko mai hali ne ko marar hali. Ranar da mutane suka fara zargin cewa akwai abin da ke wucewa ta ƙarƙashin tebur, ranar iyalai za su fara cewa a'a, kuma masu jira ne za su ɗanɗana kuɗar hakan.

Za ki ce ai an riga an gama aikin, me ambulan zai saya yanzu? Maigida bai gama da wannan asibiti ba, kuma ba zai gama ba har ƙarshen rayuwarsa. Zai riƙa zuwa awo, wata rana zai buƙaci gado, akwai ma waɗanda ake sake yi wa dashe karo na biyu. Likitan da ya karɓi kuɗi daga hannunku, ko da bai canza ko ƙwayar zarra a aikinsa ba, ya shiga wani hali: duk shawarar da ya yanke a kan maigida daga baya, akwai mai cewa ambulan ce ta yi magana. Sannan zance ba ya ɓuya a ɗakin marasa lafiya. Matar da mijinta ke gado na kusa za ta ji, za ta ɗauka haka ake yi, za ta je ta ci bashi don kada a bar mijinta a baya. Wannan ne ya sa asibitoci da yawa suka hana ma'aikaci karɓar tsabar kuɗi daga marar lafiya ko danginsa. Idan kuka miƙa, kun sa mutumin kirki cikin tsaka mai wuya: ya karɓa ya karya doka, ko ya mayar ku ji kamar ya gwale ku.

Batun iyalan mamacin ya fi wannan nauyi. Sayar da sassan jikin ɗan'adam haramun ne a dokokin kusan dukkan ƙasashen duniya. Amurka ta hana tun 1984. A 2008 masana dashe daga ƙasashe da dama suka taru a Istambul suka fitar da sanarwar yaƙi da fataucin sassan jiki, a 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojinta, waɗanda suka ce kyauta ake bayarwa, ba da biya ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashe bisa sharuɗɗa, ciki har da cewa kada ya zama ta hanyar ciniki. Na san ba ciniki kike nufi ba. Amma babu sashen dashe na ƙwarai da zai yarda ya kai musu kuɗinki, domin da zarar an buɗe wannan ƙofa, talaka zai fara jin cewa mutuwar ɗansa tana da farashi. Ki kuma sa kanki a matsayinsu. Abin da ya rage musu na sanyin zuciya shi ne sanin cewa nasu ya tafi ya bar alheri. Kuɗi zai rage darajar wannan a idonsu.

Yanzu ma'aikata. Idan an ce dashe, kowa likitan tiyata yake tunawa, kuma ya cancanci a tuna shi. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A daren da aka kira ku a waya, akwai wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ta zauna da iyalan mamacin ta yi musu magana cikin lallashi. Akwai ayarin likitoci da suka yi tafiyar dare suka ciro hantar, suka wanke ta da ruwan magani mai sanyi, suka sa ta cikin ƙanƙara. Daga wannan lokacin agogo ya fara bugawa, don ana son a haɗa ta da jinin sabon jiki kafin awa 12, kuma duk yadda aka rage lokacin ya fi. Akwai direban da ya ɗauko ta. Akwai mai aikin ɗakin gwaje-gwaje da ya kwana yana tabbatar da rukunin jini da binciken ƙwayoyin cuta. Tiyatar kanta takan ɗauki awa 6 zuwa 12, kuma a tsakiyarta akwai lokacin da an cire tsohuwar hanta ba a kai ga haɗa sabuwar ba, mutum yana kwance babu hanta ko kaɗan a jikinsa. Likitan sa barci ne ke riƙe da ransa a wannan lokaci, da ikon Allah: yana lura da bugun zuciya, da sukari, da gishirin jini, yana ƙara jini yana ƙara ruwa. Ina kyautata zaton ko fuskarsa ba ki gani ba. Bayan an fito kuma ga nas ɗin da ba ta matsa daga gefen gadonsa ba, ga mai ɗaukar hoton ciki da ke duba ko jini na gudana a jijiyar hantar, ga mai duba ɗan tsokar da aka tsakuro a madubin gwaji don gane ko jiki ya fara ƙin baƙuwar, ga mai harhaɗa magunguna, ga mai motsa jiki da ya tilasta masa takawa yana jin zafi. Ga kuma mai shara da goge-goge. Wannan na ƙarshe ina so ki riƙe shi da kyau: mutumin da aka danne masa garkuwar jiki da gangan, tsabtar ɗakinsa magani ce kamar allura.

Abin da waɗannan mutane suka fi ƙishirwa shi ne labarin yadda aka ƙare. Ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman suna ganin mutum a mafi munin halinsa, idanu rawaya, ciki a kumbure, na'ura na numfashi a madadinsa. Da ya ɗan farfaɗo sai a mayar da shi wani ɗaki, a kawo musu wani. Waɗanda suka rasu a hannunsu sun san ƙarshensu, waɗanda suka warke kuwa ba kasafai suke sake ganinsu ba. Shekara da shekaru a haka yana cin mutum. Na taɓa ganin wata tsohuwar nas, wadda ba ta da saurin kuka, ta juya baya tana share hawaye saboda wani da ta yi jinya ya shigo da ƙafarsa, riƙe da hannun 'yarsa, bai ma gane ta ba sai da ta yi magana ya tuna muryar.

Don haka ku rubuta. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Kada wasiƙar ta tsaya a “mun gode wa kowa da kowa”. Ki faɗi abin da kike tunawa: wadda ta kawo miki bargo da asuba, wanda ya sake yi miki bayani sau uku bai ƙosa ba. In kin san sunayensu ki ambata, in ba ki sani ba ki faɗi ɗaki da lokaci, za su gane kansu. Ki aika kwafi ga shugabannin asibitin, saboda irin wannan takarda kan shiga fayil ɗin ma'aikaci ta yi masa amfani. Ki haɗa da hoton maigida a tsaye cikin kayan aikinsa, in ya yarda. Idan kuma lallai kuna son wani kaso na kuɗin ya taɓa ma'aikata, ku tambaya ko asibitin yana da asusun tallafi, ku sa a ciki da sunan sashen dashe, ku karɓi rasit. Daga irin wannan asusu ake tura nas-nas kwas, a gyara ɗakin da masu aikin dare ke ɗan kishingiɗawa, a sayi kujerun da masu jinya za su iya miƙe ƙafa a kai. Ba sai likitanku ya san nawa kuka bayar ba.

Kafin in faɗi inda na fi son kuɗin ya je, akwai sharaɗi. Ku fara ware na maganin maigida da na zirga-zirgar awonsa, na watanni masu yawa, ku ajiye gefe. Abin da ya saura shi ne na bayarwa. Riƙe wannan hanta da rai shi ne haƙƙin farko da mamacin yake da shi a kanku.

Dalilin da ya sa nake nanata magani yana cikin tarihin aikin nan. Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a Denver ta Amurka a 1963, yaron da aka yi wa ya rasu a kan teburin tiyata saboda zubar jini. Sai a 1967 ya samu wata ƙaramar yarinya da ta rayu fiye da shekara. Roy Calne ya fara nasa a Kambirij ta Ingila a 1968. Amma har ƙarshen shekarun 1970, cikin mutum goma da aka yi wa dashe, wajen uku ne ke kai shekara. Hannun likitoci ya ƙware, abin da ya rage shi ne jiki yana ɗaukar sabuwar hanta a matsayin abokiyar gaba ya far mata. Maganin sikilosforin, mai danne garkuwar jiki don kada ta far wa sabuwar hanta, shi ne ya juya lamarin, har a 1983 wani babban taron masana a Amurka ya ce dashen hanta ya fita daga sahun gwaji ya zama magani. Daga baya aka samo wani magani irinsa mai suna takrolimus daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasar Japan a 1984, aka fara ba masu dashen hanta a 1989, kuma ina da yaƙinin shi ne, ko wani makamancinsa, maigida ke sha safe da dare. Yau a cibiyoyi masu kyau kusan tara cikin goma suna raye bayan shekara guda. Ƙwayar nan da ake haɗiya kullum tana da babban kaso a wannan bambanci.

To a inda gwamnati ko inshora ba ta ɗauke nauyin maganin ba, nan ake samun ɓaraka. Iyali sun sayar da abin da suka mallaka, dangi da abokai sun yi karo-karo, an yi tiyata, kowa ya yi hamdala ya watse. Wata shida, wata takwas, aljihu ya bushe, kuma kunya ta hana a sake roƙo. Ba zan manta da wani magidanci ba da ya dawo mana idanunsa sun sake yin rawaya. Da ƙyar ya faɗa mini cewa ya yi makonni yana raba ƙwayar gida biyu don ta kai shi ƙarshen wata. An samu an ceto hantar, amma da kwanciya da magunguna masu ƙarfi waɗanda kuɗinsu ya ninka abin da ya yi ƙoƙarin tattalawa sau da yawa. Mutane suna son ba da gudummawa ga tiyata saboda abu ne da ake gani. Maganin wata na tara ba mai ɗaukar hotonsa, shi ya sa ba mai tunawa da shi.

Haka kuɗin mota da na masauki. Kin san yadda farkon yake: gwajin jini sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, kuma cibiyoyi da yawa suna so marar lafiya ya zauna kusa da asibiti na makonni tare da mai kula da shi dare da rana. Wanda ya zo daga nesa haya zai kama, mai jinyarsa kuma ta bar sana'arta. A wasu wuraren rashin tsayayyen mai jinya kaɗai kan jinkirta sa mutum a layi. Saboda irin wannan buƙata aka buɗe gidan Ronald McDonald na farko a Filadelfiya a 1974, don iyayen yaran da ke kwance su samu wurin kwana kusa da 'ya'yansu, kuma akwai gidaje irinsa na masu dashe a kusa da manyan cibiyoyi da dama. Ki je wurin jami'in jin daɗin marasa lafiya na sashenku ki ce: “Muna da kaza, ina ya fi ƙuna?” Shi ya san wanda ke kwana a mota, ya san wadda ta fasa zuwa awo don ba ta da kuɗin hanya. Ba zai faɗa miki sunansu ba, haka kuma ya dace. A ganina ma, da a ba da dunƙule sau ɗaya gara a yanka wani abu kaɗan da za a riƙa bayarwa duk wata, domin mai rabon tallafi yana iya yi wa wani alkawarin maganin shekara ne kawai idan ya san abin da zai shigo.

Akwai wasu bayin Allah da ake yawan mantawa da su, wato masu ba da ɓarin hantarsu suna raye. An fara cin nasarar wannan a 1989 a Birisben ta Ostireliya, inda Russell Strong ya ɗauki wani yanki daga uwa ya dasa wa ɗanta, a 1996 kuma likitocin Hong Kong suka fara ɗaukar ɓangaren dama daga babba zuwa babba. A ƙasashe irin su Japan, Koriya ta Kudu, Indiya, Turkiyya da Masar, yawancin dashen hanta daga masu rai ake yi. Lafiyayyen mutum ne zai kwanta a yanke masa har kusan kashi 60 cikin ɗari na hantarsa. Hanta tana sake tofowa, cikin 'yan watanni ta kusa komawa girmanta, amma zai yi wata biyu zuwa uku bai koma aiki sosai ba, kuma akwai haɗarin mutuwa da ake ƙiyastawa tsakanin mutum 1 zuwa 5 cikin 1,000. Da an fito hankalin kowa yana kan wanda aka dasa wa, shi kuwa yana can gefe da ɗinkinsa da bashin haya. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya sun yarda a mayar masa da abin da ya kashe da albashin da ya rasa, matuƙar an tantance, don kada alherinsa ya talauta shi. Wannan daban yake da sayen hanta. Idan cibiyarku tana da asusun irin waɗannan mutane, wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ta hannun cibiyar, ba hannu da hannu ba.

'Yan'uwan maigida kuma, ga aikin da ya fi ambulan. Ba banza ake cewa wane da wane hanta da jini ne ba. Hanta ce ke ƙera mafi yawan sinadaran da ke sa jini ya daskare, shi ya sa mai ciwon hanta ke zubar da jini da yawa a tiyata. Ki tambaya leda nawa aka ƙara wa maigida. Kowace leda hannun wani ne da ya miƙa ba tare da ya san wa zai samu ba. Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kwana 42 a ajiye, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa kwana 5 zuwa 7 ne kawai, don haka ma'ajiyar jini kullum cikin nema take. A ƙasashe da yawa ba a karɓar jinin wanda aka yi wa dashe, to sai danginsa su biya a madadinsa. Su je tare, su kuma mai da shi al'adarsu duk bayan 'yan watanni. Wanda ƙasarsa ke da rajistar masu ba da sassan jiki bayan rasuwa, ya yi tunani a kai, in ya yanke shawara ya sanar da iyalinsa tun yana da lafiya, saboda su za a tambaya.

Idan kuɗin yana da ɗan kauri, ki duba can sama inda ruwan ya ɓalle. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, su biyun suna kashe wajen mutum miliyan 1.3 a shekara, mafi yawa ta hanyar ƙandarewar hanta da ciwon daji. Kaɗan ne ƙwarai cikinsu za su taɓa ganin ƙofar ɗakin dashe. Alhali nau'in B yana da rigakafi, kuma allurar farko a cikin awa 24 da haihuwa ita ce mafi muhimmanci, domin jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma. Nau'in C yanzu ana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari da ƙwayoyin mako 8 zuwa 12. A yara kuwa, babban dalilin dashe shi ne toshewar hanyoyin maɗaciya tun haihuwa. Jaririn da ciwon shawara ya wuce masa mako biyu, kashinsa ya yi fari-fari, a gaggauta kai shi asibiti, don tiyatar da ake kira Kasai ta fi yin aiki kafin ya cika wata biyu. Kuɗin dashe guda zai yi wa ɗimbin jama'a gwaji da rigakafi. Ƙungiyoyin da ke wannan aiki sukan fito fili a ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya.

Kowace gidauniya za ku ba, ku tabbatar tana da rajista, tana buga lissafin shiga da fita, kuma tana iya faɗa muku ƙarara abin da ta yi bara. Roƙon da ake yaɗawa a intanet akwai na gaskiya da yawa, akwai na 'yan damfara. Hanya mafi aminci ita ce a biya kai tsaye cikin asusun asibiti da lambar marar lafiyar. Duk wanda ya ce zai “samo” wa wani hanta in an biya shi, ku yi nesa da shi ku kai rahoto.

In za ku ziyarci masu kwance, kada ku kai furanni ko shuka a tukunya, saboda ƙasa da ruwansu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu haɗari ga wanda garkuwarsa ke ƙasa. Kada ku kai wani haɗin ganye ko jiƙo da sunan ƙarin ƙarfi, wasunsu suna rikita yawan takrolimus a jini, wasu kuma hantar suke ci kai tsaye. Ko lemon nan mai ɗaci da ake kira girefurut an hana su. Mai mura ya zauna a gida. Abin da ya fi kowace tsaraba shi ne maigida da kansa. Mutumin da ya yi wata goma yana jiran waya, cikinsa cike da ruwa, idan ya ga wanda ya bi hanyar ya fito yana tafiya garau, wannan yana yi masa abin da bayanina ba ya yi. Da irin wannan niyya aka fara wasannin motsa jiki na masu dashe na duniya a Fotsmot ta Ingila a 1978. Ku gaya wa sashen cewa a shirye kuke ku yi magana da masu jira da matansu, su za su haɗa ku da wanda yake so. Ke ma kina da abin koyarwa wanda babu likitan da ya sani, don ke kika yi jinyar.

Ina da roƙo ɗaya game da maigida. Kada a mai da godiya sandar dukansa. Masu dashe da yawa suna fama da wani nauyi a zuci da ba sa iya faɗa: wani ya mutu ni na rayu, anya na cancanta? Ga magunguna irin su firednisolon da ke jagula barci da yanayin rai, ga rawar hannu, ga fargabar kowane sakamakon gwaji. Idan ya tashi ransa a ɓace aka ce masa “kai da ya kamata ka gode wa Allah”, sai ya yi shiru, kuma mai shiru shi ne wanda ke fara tsallake awo. Ki tuna masa cewa ba dominsa wancan bawan Allah ya rasu ba. Ajalinsa ne ya zo, likitocin da suka yi ƙoƙarin ceto shi daban suke da masu dashe, kuma ba a ɗauki komai ba sai bayan an tabbatar da rasuwarsa. In damuwar ta daɗe, ku faɗa a asibiti, tana da magani.

Saura wasiƙar iyalan mamacin, wadda na ga ita ce ta fi damun ranki. Shekara guda ba a makara ba, akwai masu rubutawa bayan shekara biyar. In maigida ya kasa, ke ki rubuta, da yawa sukan ɗauki biro su ajiye sau goma. Ki fara da ta'aziyya kafin godiya, ki tuna cewa ranar da kuke murnar cika shekara ita ce ranar da suke juyayin cika shekara. Ki gaya musu ko shi wane ne ba tare da bayyana shi ba: magidanci ne, yana da 'ya'ya, ya daɗe yana jinya. Sannan ki faɗi ƙananan abubuwan da ya dawo yana yi, ya raka yaro makaranta, ya hau bene bai tsaya hutawa ba, ya koma aiki. Waɗannan su ne abin da iyalai suka fi riƙewa. Kada ki tsawaita labarin wahalar ciwon. Kada ki sa cikakken suna, ko gari, ko sunan asibiti, ko lambar waya. Ki yi addu'arki da lafazi mai sauƙi, tunda ba ki san addininsu ba. Kada ki tambaye su yadda ya rasu, kada kuma ku shiga Facebook kuna haɗa kwanan wata da labaran haɗari don gano su, ɓoye sunan nan kariya ce gare su da ku baki ɗaya.

Kafin a kai wa iyalan mamacin wasiƙar, za a fara tambayarsu ko suna son karɓa. Wasu za su karanta a ranar, wasu za su ajiye a akwati sai bayan shekaru su buɗe, wasu za su amsa, da yawa ba za su amsa ba, kuma shirunsu ba ƙi ba ne. Shafi ɗaya ya isa. Ranar da za ku je awo na gaba ki miƙa wa nas ɗin da ke kula da masu dashe, kada ki liƙe bakin ambulan ɗin, domin za ta karanta kafin ta tura.